Takwarar Inna Hasiya

Inna Hasiya ba ta taɓa leƙa lakol, makarantar boko, ba ko na yini ɗaya, amma duk wata tsutsa mai cin ganye daga Gangara har bakin iyaka ta san sunanta, ta san abincinta, ta san halinta. A ƙauyensu, Rijiyar Kanya, inda kowane gida ke da 'yar garkarsa a fadama idan rani ya yi, ba a ganin tsutsa a kan shu, wato kabeji, ko tumatir a tsaya gardama. Sai a tsinko ganyen a kai mata. Sau da yawa ma ba ta buƙatar ganin tsutsar. Ta dubi yadda aka ɓalgace ganyen, ta murza kashin da aka bari a tsakanin yatsunta, ta shinshina, ta ce wance ce. Idan an zo da tsutsar, sai ta taɓa ta da tsinke: wata ta dunƙule, wata ta ɗaga kai tana neman faɗa, wata ta yi mutuwar ƙarya. Gizaka mai gashi, da 'yar awo mai tafiya tana auna taƙi, da mai ƙaho a gindi, da murzunar da ke cin zangarniyar hatsi da damina, duk ta san su kamar yadda ta san surukanta, kuma ta fi yabon halinsu. Abin da ba ta yafewa shi ne a kawo mata tsutsa a murƙushe. Sai ta kore ka da ita, ta ce ka je ka tambayi gawa sunanta da kanka.

Wani zai ce to, in an san sunan sai me? Ai nan maganar take. A Rijiyar Kanya tsutsa baƙuwa ce, baƙo kuwa ba a sallamarsa sai an kira sunansa. Da hantsi Inna Hasiya za ta tsinci guda bakwai ta zuba a sakaina, ta sa musu ganye ɗaya na guzuri, ta kama hanyar yamma har wani tsohon gawo da ke kan iyakar gonakin gari. A hanya tana kiran sunan. A gindin gawon ta ajiye, ta ce: wance, ga guzurinki ga hanya, mun gaji da ke, ki bar mana gari. Sai ta juyo ba waiwaye. Bayan kwana goma ko makamancin haka, a nemi tsutsa a rasa. Masu ɗan karatu suna cewa ko ba rakiya ma lokacinta ne ya yi na shigewa ƙasa. Su dai sun faɗi, amma da tasu garkar ta kamu, da sassafe za ka gan su a ƙofarta da ganye a aljihu. Mutanen ƙauyen da ke gaba su ma a gindin gawon nan suke ajiye tasu, shi ya sa ba mai shan inuwarsa.

Aikin gado ne. Ubanta bai samu namiji mai haƙurin tsugunno ba, sai ya koya mata tun tana 'yar shekara goma, ta tashi da shi, ta yi aure da shi. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa shi kaɗai ne a garin ake sallama a ƙofarsa da asuba ba shi ake nema ba. Tare da aikin ta karɓi dokoki biyu. Ta farko, tsutsar da ke da suna ba a laƙaba mata wani, sai ta yi fushi ta ƙi tafiya. Ta biyu ita ce mai zafin. Idan sabuwa ta ɓullo wadda ba wanda ya san ta, kwana bakwai gare ta kamar jariri: mai aikin ya zaɓi suna, maigari ya sa a yi shela, gari ya amsa. In rana ta bakwai ta fito ba a raɗa ba, to ta ɗauki sunan wanda aka fara ganinta a garkarsa, kuma ba mai iya ƙwacewa.

An taɓa yi. Wani bawan Allah Ɗan Azumi, mutumin kirki mai zumunci, tsutsar yakuwa ta faɗo masa lokacin uban Hasiya ya yi tafiya. Ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, amma duk damina sai an tsine masa. Ɗan Azumi ya kashe ni, Allah ya isa tsakanina da Ɗan Azumi, ku taka Ɗan Azumi. Jikokinsa suna ji ba su iya cewa komai, tasu yakuwar ma yana ci. Tun daga nan, ko a tsakiyar watan azumi aka haifi yaro a garin, wani suna ake nema masa.

Ita kuwa Hasiya buri ɗaya ya rage mata a duniya, kuma kowa ya san shi domin ba ta ɓoyewa. Takwara take so. Allah ya ba ta 'ya'ya shida, duk maza. Ta ce ba komai, jikoki na tafe. Jikoki suka zo har goma sha huɗu, duk masu wando. An yi wa mijinta takwara sau uku, an yi wa ubanta, an yi wa wani kawu da bai taɓa ɗauke wa kowa ko kara ba. Ita shiru. Ƙawayenta kowace tana da 'yar jikar da ake kira Uwani ko Iya saboda kunyar sunan kaka. Ita kuwa sai ta je barka ta buɗe zane ta leƙa, ta ce to Allah ya raya, da muryar mai gaisuwar mutuwa. Autanta Hayatu, wanda ya fi kowa tausayinta, ya rantse mata cewa ranar da matarsa Rakiya ta haifi mace, ba sai an yi shawara ba.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta zaɓen jam'iyyu da yawa, 1993. An gama babban taron ƙasa, an sha jin manya suna kai ruwa rana a rediyo, kowa ya koyi cewa yanzu ba mai yanke wa jama'a magana shi kaɗai. An jefa ƙuri'ar 'yan majalisa, ana jiran ta shugaban ƙasa, azumi kuma saura kwanaki. Rijiyar Kanya ta rabu biyu. Rabi na bin Mushe Ilyasu, tsohon malamin lakol da ya ajiye aiki ya dawo gida da tabarau da rediyo. Mushe ɗin kalmar Faransanci ce, da ita ake kiran malaman lakol. Rabi na bin Audu, mai sayar da fetur a kwalba, wanda kakanninsa suka ƙetaro daga ƙasar Katsina. Ba su gaisawa, matansu ba su aron rariya, jakunansu ma an daina ɗaure su wuri ɗaya.

Wata Litinin da asuba Rakiya ta sauka. Inna Hasiya ta buɗe zane ta leƙa, ta rufe, ta sake buɗewa, sannan ta rangaɗa guɗar da ta shekara talatin tana ajiya. Mace ce. Da hantsi ta wuce garkarta don ta tsinko tamaka, wato zogale, a yi wa mai jego miya. A nan ta tarar da ita. 'Yar siririya, koriya da ɗige-ɗigen baƙi, ta haɗa ganye biyu ta ɗinke da zare ta shige ciki tana ci. Ta taɓa ta da tsinke, sai ta sulale ƙasa a kan zarenta ta tsaya tana lilo. Hasiya ta murza kashin, ta shinshina, har ta ɗanɗana. Shekara hamsin tana wannan aiki ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta bi garkar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana addu'ar ta samu ko guda a ta wani, Allah ya yafe mata. Babu. Abin a fili yake: bakwan tsutsa da bakwan jaririya rana ɗaya za su cika.

Da ta so, da a ranar ta raɗa suna an wuce wurin. Amma doka ta farko ta riƙe ta, in tana da suna a wani wuri fa? Talata ta bi tsofaffin gari ɗaya ɗaya, ta je har rugar Fulani da ke bayan fadama, inda wata tsohuwa ta dube ta, ta dubi tsutsar, ta ce su abin da bai taɓa saniya ba ba su ba shi suna. Laraba ta sa guda uku a gwangwanin tumatir da ganye, ta hau amalanke zuwa Gazawa, ta shiga mota zuwa Agye, wai akwai wani buro, ofishin aikin gona, da ke da littafi mai hoton kowace tsutsa. Ta tarar da ƙofa a rufe, ma'aikata suna yajin aiki. Planto, ɗan aiken buron, shi kawai ya rage, yana zaune a inuwa yana gyaran takalmi. Ya ji tausayinta, ya kai ta taga ya nuna mata littafin, ga shi can a kan tebur ana ganinsa, makulli kuwa yana Maradi. Ya ce in tana so ta bar gwangwanin a jerin waɗanda aka kawo. Ta duba jerin, ta ga na wasu har sun yi fiffike sun tashi. Ta kwana wurin wata 'yar uwa, ta dawo Alhamis ƙafa a kumbure, ta dai tabbata cewa ko tana da suna, a kulle yake.

Sai ta zaɓi suna mai kyau wanda ba zai cuci kowa ba: Masaƙiya, saboda zaren. Bayan sallar Juma'a ta je zauren maigari ta durƙusa ta faɗa masa. Ya aika a kira mai shela ke nan, sai Mushe Ilyasu ya ɗaga yatsa. Ya ce zamanin da mutum ɗaya zai zauna a ɗakinsa ya yanke sunan da dukan gari zai riƙa faɗa har jikoki ya wuce. Tsutsa ta jama'a ce, tun da yanzu ta bazu garka ashirin, sunanta ma na jama'a ne. Audu ya ga abokin gabarsa na neman cin riba shi kaɗai, sai ya miƙe ya ce shi tun jiya yake wannan tunani. Maigari, wanda tun taron ƙasa yake tsoron kada a kira shi ɗan kama-karya, ya dubi hagu ya dubi dama ya ce a yi ƙuri'a. Hasiya ta ce to a yi yanzu, a ɗaga hannu. Ina! Mushe ya ce sai an ba da yini guda na yaƙin neman zaɓe, kuma kowa yana da 'yancin kawo ɗan takara. Aka sa Lahadi.

Kafin magariba 'yan takara sun zama uku. Mutanen Audu suka ce a sa wa tsutsa Ilyasu. Mutanen Mushe suka ce a sa mata Audu. Sai Masaƙiya, wadda ba ta da kowa sai tsohuwa.

Ba a taɓa ganin yaƙin neman zaɓe irin na Asabar ɗin nan ba, kowa yana yi wa maƙiyinsa. Audu ya raba goro gida-gida yana roƙon a zaɓi Ilyasu, yana cewa ku dubi siranta, ku dubi yadda in an taɓa shi yake sulalewa a kan zaren Faransanci. Mushe ya hau kan turmi ya yi jawabin awa guda a kan cancantar Audu, mutumin da bai taɓa ganin abu ɗanye ya ƙyale ba. Aka buga kalangu. Makaɗi ɗaya ne ya yi wa ɓangarorin biyu, ya rikice a tsakiya ya wasa wanda ya ba shi goro, aka bi shi da gudu. Inna Hasiya ta bi gidaje da sandarta, ba goro ba kalangu. Abin da take faɗa ɗaya ne, cewa jikarta ce, Litinin ne suna. Kowa ya ce mata wallahi Inna muna tare da ke. Tamakar gari kuwa ana ta ci, in ka tsaya shiru a fadama har zubar kashin kana ji a kan busasshen ganye.

Lahadi da la'asar aka ajiye ƙorai uku a bayan zana, kowa ya shiga da ƙwallon aduwa ɗaya. Don kada a rikice, an sa tsohon tabarau kusa da ƙwaryar Ilyasu, kwalba kusa da ta Audu, zare kusa da ta Masaƙiya. Liman ya ƙirga a gaban jama'a. Ilyasu hamsin da takwas, Audu hamsin da biyar, Masaƙiya tara. Tara fa. 'Ya'yanta shida da matansu, ban da mai jego, da ita kanta, ai goma sha biyu ne. Ba ta taɓa tambayar su wa ne ukun ba.

Mutanen Audu suka fara murna, sai Mushe, wanda zufa ta jiƙa wa riga, ya ɗaga rediyonsa sama ya ce a tsaya. Ba wanda ya haye rabi, doka ta ce sai zagaye na biyu. Audu ya buɗe baki zai ce a yi shi yanzu-yanzu, sai ya tuna ƙwallaye taran nan na tsohuwa. In suka faɗo ƙwaryarsa, shi ne tsutsa har abada. Suka kalli juna. Karo na farko cikin shekara biyu suka zaga bayan masallaci tare, suka fito hannu cikin hannu, suka sanar cewa saboda zaman lafiya da alfarmar watan da ke tafe, an ɗage zagaye na biyu sai bayan Sallah. Jama'a suka yi tafi, wasu har da hawaye, wai gari ya haɗu.

Inna Hasiya ta ratsa taron ta tsaya gaban maigari. Ba ta durƙusa ba.

"Ranka ya daɗe, gobe ne kwana bakwai."

Maigari ya duƙar da kai yana wasa da bakin tabarma. Mushe ne ya amsa, da ladabi ma kuwa.

"Inna, ki yi haƙuri. Doka ba ta san kwana bakwai ba."

"Kai ai ka sani," ta ce. "Shi ya sa kake zufa."

Ta ce to ta janye Masaƙiya, su ba ta kowane suna suka ga dama, ko Tukunya ne, ita dai a yi shela kafin gari ya waye. Aka ce ai an rufe karɓar 'yan takara. Ta juya. A hanyar gida ta bi ta bakin rijiya, ta ji mata na hira. Farkon mako cewa ake tsutsar nan ta garkar Hasiya. Ranar Juma'a ta koma ta Hasiya. Yanzu wata ce ke cewa, ba da mugun nufi ba, Hasiya ta gama mata da tamaka kaf. Da suka gan ta suka sauya zance, ɗaya ta ce sannu Inna.

Litinin bayan sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure, Hayatu ya shigo ɗakinta ya tsugunna. Idonsa ja. Ya ce shi alkawari ya yi, kuma ba da tsutsa ya yi shi ba. Gari ya faɗi abin da zai faɗa, yanzu zai je ya raɗa wa liman. Abin da ta shekara talatin tana jira ne ya zo har ɗaki, "to" kawai ya rage ta ce. Ta tuna jikokin Ɗan Azumi. Ta hango yarinyar ta girma ta je ɗebo ruwa, ana cewa ku taka Hasiya, ku ƙone Hasiya, Allah ya raba mu da Hasiya, yara na dariya.

"A'a, Auta," ta ce. "Ba za a tsine wa jikata duk rani ba. Ka ce Mansura."

Ya fara kuka da gemunsa. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, mutane na jira, ita ma tana da aiki.

Rana na fitowa ta ɗauki sakaina ta nufi garka. Yanzu dai tsutsa ta samu suna, ana iya raka ta. Tana tsintar ta bakwai ta jiyo maroƙi daga ƙofar gida yana ɗaga murya, sunan yarinya Mansura, Allah ya raya. Ta kama hanyar gawo tana kira kamar yadda aka koya mata, Hasiya, Hasiya, taho mu tafi. Masu zuwa suna daga ƙauyukan yamma suka riƙa ratse mata suna kallo, tsohuwa na tafe tana kiran kanta. A gindin gawo ta ajiye sakainar. Kalmomin nan ta faɗe su ya fi a ƙirga, ba ta taɓa jin nauyinsu ba sai ranar. Hasiya, ga guzurinki ga hanya, mun gaji da ke, ki bar mana gari. Ta katse a tsakiya, sai da ta sake daga farko, domin ba a yin rabi. Ta juyo ba ta waiwaya ba. A bakin wata gona ta zauna ta yi kuka sosai ita kaɗai, sannan ta goge fuska da bakin zane ta koma gidan suna.

Bayan kwana goma tsutsa ta ɓace, kowa ya ce ai Inna ba ta kuskure. Zagaye na biyu har yau ba a yi shi ba. Mushe Ilyasu da Audu suka zama aminai, daga baya ma suka zama surukai. Tsutsar kuwa ta ji daɗin garin, duk rani sai ta dawo, sunan kuma ya bi ta har kasuwar Gazawa. Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'ya'yan Hasiya da matansu, domin bakinsu ba ya iya furta sunan uwa. Sai dai Hayatu ya zo ya tsugunna da ganye a hannu, kansa a ƙasa, ya ce Inna, takwararki ta shiga.

Ta ci gaba da aikin har idonta ya dushe, ta koma yi da yatsu da hanci kawai. Kowace tsutsa ganye ɗaya take samu na guzuri, haka ubanta ya bar mata. Wannan kuwa sai ta cika mata sakaina da sabon tofon tamaka mai laushi, wanda ko a miyarta ba ta sa wa. Wata rana Rakiya ta yi ƙarfin hali ta tambaye ta dalilin wannan gata ga abin da ya yi mata haka.

"Takwarata ce," ta ce, tana gyara ganyen. "Ita kaɗai na samu."